Waya ta ƙi karɓar filashin a kwamfuta: amsoshin tambayoyin da kuke ta yi min

Jama'a tambayoyin nan kan filashin, wato sake ɗora wa waya manhajarta da kwamfuta, yawanci iPhone, kullum su ne dai, a shago nan Terminus a Jos da kuma a WhatsApp, wani ma sai tsakar dare zai turo hoton sikirin ɗin kwamfutarsa ya ce Oga duba min. Toh ga su nan na haɗa wuri guda, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Oga, iTunes ya nuna min lamba 9, wani lokacin 4013, mene ne?

iTunes dai manhajar Apple ce da ake yi wa iPhone filashin da ita, lambar kuma tana nufin wayar ta yanke da kwamfutar ana tsakiyar aiki. 4005 da 4014 ma duk maganar ɗaya ce. Canza kebul, ka soka shi kai tsaye a jikin kwamfutar, in ta tebur ce ka yi amfani da ramukan baya. Sake gwadawa.

Amma kebul ɗina yana caji lafiya lau fa.

Caji daban, ɗaukar data daban. Wancan da ka saya a baro a bakin titin Ahmadu Bello Way zai iya cika maka batir amma ba zai jure tura fayil mai nauyi ba, ari na asali a wurin wani. Kuma ka leƙa ramin cajin wayar da tocila, sau da yawa audugar aljihu ce ta dunƙule a ciki har kan kebul ɗin ba ya shiga ya zauna. Kashe wayar ka ciro ta da tsinken sakace a hankali. Ban ce allura ba.

Na danna Restore, hotunana za su dawo?

A'a. Restore goge komai yake yi, kuma sai da kwamfutar ta gargaɗe ka kafin ka danna, ba ka karanta ba ne. In kana da bakup a iCloud, wato ma'ajiyar Apple ta intanet, ko a kwamfuta za su dawo daga can, in babu sai haƙuri.

Wayar ta fita daga recovery tun fayil ɗin bai gama sauka ba.

Kwantar da hankalinka ba abin da ya lalace. Haka Apple suka tsara, in saukewar ta wuce minti 15 wayar za ta fita da kanta daga recovery, wato yanayin da ake sa ta don kwamfuta ta yi mata filashin. Ka bar kwamfutar ta gama saukewa tukuna sannan ka sake mayar da wayar. iPhone 8 zuwa sama: danna maɓallin ƙara murya ka saki, danna na rage murya ka saki, sai ka riƙe na gefe kar ka sake shi ko da tambarin Apple ya fito, sai ka ga hoton kebul da kwamfuta. iPhone 7 kuwa na rage murya da na gefe ake riƙewa tare. Kuma dan Allah ku daina fara wannan aikin da data giga biyu, fayil ɗin iOS, wato manhajar iPhone, na sababbin wayoyi ya wuce giga 5, ga netwok ɗinmu da kuka sani in hadari ya haɗo.

Malam wayata ta maƙale a tambarin Apple, hotunan bikina da na yarana duk suna ciki kuma ban taɓa yin bakup ba, akwai dabara?

Hajiya wannan ita ce tambayar da nake so a yi min tun kafin a taɓa komai, ba bayan ƙanin maigida ya gwada basirarsa ba. Amsar ita ce wataƙila, kuma ba zan yi miki alƙawari ba. Da farko ki shiga iCloud ɗinki ta wata wayar ko kwamfuta ki duba, mutane da yawa hotunansu suna can ba su sani ba, sai dai giga 5 ne kawai kyauta, in ya cika tun bara toh abin da ya hau kafin ya cika shi za ki samu. Bayan haka a sa wayar a recovery, kwamfuta za ta ba da zaɓi biyu, Update da Restore. Update za a danna. Shi yana sake ɗora iOS ne ba tare da ya goge kayanki ba, in an yi sa'a wayar za ta tashi, wani lokacin ta nuna farin sikirin tana cewa tana ƙoƙarin dawo da data, ta nemi lambar buɗe waya, a ba ta a ƙyale ta ko da za ta daɗe, kar wani ya ce ta yi sanyi ya cire kebul.

Inda matsalar take shi ne in ma'ajiyar wayar ta cika maƙil, wanda kuma shi ne yawanci yake jawo maƙalewar tun farko, bidiyon WhatsApp na gurup goma ba a taɓa gogewa ba wayar tana ta gargaɗi ana share ta. A irin wannan Update ɗin yakan faɗi da lamba 14 ko 1110 saboda babu wurin da zai sauka. Wani lokacin in aka maimaita yana wucewa, wani lokacin ba ya wucewa ko sau nawa aka yi, ni dai ba na iya ganewa daga kallon waya wacce za ta wuce. In kuma 4013 ce take ta dawowa bayan an canza kebul an canza kwamfuta, toh maganar ta koma cikin injin wayar. A wayoyin da ke da Face ID, wato masu buɗewa da fuska, na sha ganin ruwa ya shiga ta sifikar kunne, musamman da damina irin ruwan Jos da ke kama mutum a kan acaɓa, in ka buɗe za ka ga kore-kore a kan siririyar igiyar da ke wajen, ana cire ta wayar ta tashi a kwashe hotuna, Face ID ɗin ne zai tsaya sai an gyara. Wannan mai sauƙi kenan. Mai wuyar ita ce in ma'ajiyar kanta ce ta mutu, don datar iPhone a kulle take da kwakwalwar wannan wayar kaɗai, ko an ciro ma'ajiyar an kai wata waya ba za ta karantu ba, in an sa sabuwa wayar za ta yi aiki amma hotuna sun tafi. Saboda haka duk mai gyaran da kika kai wa, ki faɗa masa da bakinki tun a ƙofa cewa data kike so ba waya ba, kar ya danna Restore kuma kar ya sa wa injin wuta sai ya kira ki. In ya ce miki tabbas za su dawo tun bai buɗe ba, ɗauki wayarki ki yi gaba.

Lamba 3194 fa?

Kwamfutar ta kasa magana da Apple. Duba intanet, gyara kwanan wata da agogon kwamfutar, kashe antibairos na ɗan lokaci. In kuma tsohon iOS kake son komawa wanda Apple suka daina sa wa hannu, ba zai hau ba, daina wahalar da kanka.

Ba na ganin iTunes a Mac ɗina.

Tun 2019 aka cire shi. Buɗe Finder, wayar tana gefen hagu.

An gama filashin amma tana neman Apple ID ɗin da ban sani ba.

Filashin ba ya cire wannan, haka ma asusun Google a Android. Koma wurin wanda ya sayar maka ya cire da kansa. In ya fara kame-kame ka san irin wayar da ka saya, kuma kar ka kawo min, ba na taɓa su. Ku da kuke sayen ta hannu, a goge ta a gabanku a saita ta daga farko kafin ku miƙa kuɗi, wannan ai ba sai an koya wa babba ba.

Na yi wa Tecno ɗina filashin yanzu ba ta ganin sim.

Ƙanina Format All + Download ka zaɓa a manhajar filashin ta SP Flash Tool ko? Ka goge IMEI ɗinka kenan, wato lambar da netwok ke gane wayar da ita. Download Only ake zaɓa, kuma fayil ɗin ya zama na ainihin lambar modal ɗin wayarka, ba mai kama da ita ba, fayil ɗin da bai dace ba shi ke kawo 4032 ko ya kashe wayar gaba ɗaya. Nemo kwalinta ka kawo min tare da ita, lambar asali tana jiki.

An ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ta mutu kenan?

Yawanci a'a, iPhone dai za ta koma recovery a sake daga farko. Android ce takan yi taurin kai. Nan gaba ka yi da laftof mai cikakken batir, ita ma wayar ka ɗan yi mata caji kafin ka fara.