Waiwaye: ba sanyi kaɗai ke cinye masu kai wa Rasha mamaya ba

Duk sanda aka tuna da masu kai wa Rasha yaƙi, sai a ce sanyi ne ya kashe su. Sanyin dai yakan zo ne ya tarar da aiki ya yi nisa.

Sarkin Suwidin, Charles na 12, shi ya fara ɗanɗanawa. Ya shiga a 1708, Sarkin Rasha Peter ya riƙa ja da baya yana ƙone gonaki da rumbuna, aka tare ayarin guzurin Charles a hanya. A yaƙin Poltava a 1709 aka tarwatsa shi, da ƙyar ya sha zuwa ƙasar Turkawa.

Napoleon, sarkin Faransa, ya san wannan labari sarai, amma bai hana shi ba. Ranar 24 ga Yunin 1812 ya ƙetare kogin Niemen zuwa cikin Rasha da mayaƙa wajen rabin miliyan. Tun a cikin zafi dawakai suka fara zubewa saboda ba harawa, zazzaɓi da gudawa suna ɗibar sojoji, wasu suna sulalewa neman abinci ba su dawowa. Bayan gwabzawar Borodino ya shiga Mosko ranar 14 ga Satumba, ya tarar mutane sun watse, gari kuma ya kama da wuta. Mako biyar ya zauna yana jiran Sarkin Rasha Alexander ya nemi sulhu. Shiru kake ji. Da ya juya, ta hanyar da sojojinsa suka riga suka cinye ƙaf ya koma, suna yanka dawakansu suna ci, har suka iso kogin Berezina inda aka riƙa tattake juna a kan gada.

Hitler ya maimaita ranar 22 ga Yunin 1941 da sojoji sama da miliyan 3, yana lissafin 'yan watanni, ko rigunan sanyi ba a tanada sosai ba. Layin dogon Rasha ya fi na Jamus faɗi, taɓo kuma ya riƙe motoci tun watan Oktoba. Aka tsayar da shi a bakin Mosko, aka karya shi a Stalingrad a 1943. Kada dai a manta kuɗin nasarar: Tarayyar Sobiyet ta rasa rayuka kusan miliyan 27.

Su kuwa Mongol na Batu Khan, a tsakiyar hunturun 1237 suka shigo, suka mai da daskararrun koguna hanyar dawakai. Sarakunan Rasha sun shafe sama da shekara 200 suna biyan su haraji.