Batirin motar haibrid da matsalolin lantarkinta: misalin Toyota Prius

Motar haibrid ita ce motar da ke tafiya da ƙarfi iri biyu, wato injin fetur da kuma injin lantarki mai shan wuta daga wani babban batir, kwamfutar motar ce ke zaɓar wanda zai ja taya a kowane lokaci, wani sa'in ɗaya wani sa'in duka biyun tare. Irin wadda ake magana a nan ba a jona ta a soket, ita ke cajin kanta da injin fetur ɗin da kuma lokacin taka birki. Kamfanin Toyota ne ya fara ƙera ta da yawa don kasuwa, ya fitar da Prius a Japan a watan Disambar 1997, ta shiga Amurka da Turai a 2000, Honda kuma ta fito da Insight a 1999. Prius ɗin da aka fi cin karo da su a hannun masu sayar da tokumbo su ne zubi na biyu (2004 zuwa 2009) da na uku (2010 zuwa 2015), shi ya sa yawancin bayanin nan a kansu yake, amma Camry da Lexus masu haibrid duk tsarin gida ɗaya ne.

Yadda take aiki

A cikin akwatin giya akwai injinan lantarki guda biyu, MG1 da MG2. Babban, MG2, shi ke juya tayoyin gaba, kuma in an ɗaga ƙafa daga totur ko an taka birki sai ya koma janareta ya dinga tura wuta cikin batir. Ƙaramin, MG1, shi ne ke tada injin fetur kuma shi ke samar da wuta in injin na aiki. Kenan motar ba ta da kik, ba ta da altaneta, abubuwa biyun da bakanike ya saba fara dubawa in mota ta ƙi tashi. Tsakanin batir da injinan nan akwai inbata, kusan irin aikin inbatar sola ta gida take yi sai dai ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, tana ɗaga wutar batir ta kai bolt 500 a zubi na biyu, 650 a na uku, sannan a cikinta akwai wani sashe da ke rage wutar zuwa bolt 14 ko kusa da haka don fitilu da rediyo da cajin ƙaramin batir.

Babban batir

A Prius zubi na biyu da na uku batirin yana bayan kujerar baya, irin wanda ake kira NiMH ne, haɗin nikel. Modul 28 ne aka jera kamar yankan burodi (makanikai da yawa sel suke ce musu, amma ainihin kowane modul sel shida ne a cikinsa masu bolt 1.2), kowane modul bolt 7.2, in ka tara sai ya ba ka bolt 201.6. Camry haibrid ta 2007 modul 34 gare ta, bolt 244.8. Wutar da yake iya riƙewa ba ta da wani yawa fa, kilowat-awa 1.3 ne kacal, don ba a yi shi don doguwar tafiya ba, aikinsa karɓa da bayarwa cikin sauri ne.

Sirrin daɗewarsa shi ne kwamfuta ba ta barinsa ya cika ko ya ƙare, tana riƙe shi tsakanin kashi 40 da 80 cikin ɗari, to layukan da kake gani a allon mota in sun cika fal ba wai batirin ya cika ba ne, haka in sun sauka ƙasa ba wai ya mutu ba. Masu sabon saye kan tsorata a nan ba gaira ba dalili.

Abin da ke cinye shi da gaske zafi ne. Iskar cikin mota ce ke sanyaya shi, akwai wata 'yar taga a gefen kujerar baya da fanka ke zuƙo iska ta cikinta ta hura a tsakanin modul ɗin. Kaga motar da aka tsara a Japan, ta yi shekara goma ko fiye a Amurka, sannan aka sauke ta a Legas ko Kwatano ta ƙare a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga mai motar ya kashe esi wai yana tattalin mai ya sauke gilashi, ga fasinja ya jingina jaka ko mayafi ya toshe 'yar tagar nan, ai batir ba zai yi tsawon rai ba. Fankar kan cika da ƙura da gashi har ta yi kamar auduga ta naɗe ta, kuma cire ta a wanke ba wani babban aiki ba ne, a ƙasa mai ƙura ya kamata a yi shi ko sau ɗaya a shekara bayan hunturu. Kunna esi a irin wannan motar ba gayu ba ne, batir ma na sha. Modul ɗin tsakiya su suka fi saurin lalacewa don su zafi ya fi taruwa a kansu.

Alamomin batir ya fara gajiya sanannu ne: layukan caji su dinga hawa da sauka da sauri cikin 'yan mintuna, ka ajiye mota da caji da dare da safe ka tarar ya zube, fanka ta dinga ƙara da ƙarfi a bayanka, injin fetur ya ƙi hutawa ko a danja, shan mai ya ƙaru. Daga ƙarshe sai jan alwatika ɗin nan mai alamar motsin rai ya fito a dashbod.

Jan alwatika ba hukuncin kisa ba ne

Nan ne ake asarar kuɗi. Wannan alamar ba ta ce batir ya mutu ba, cewa kawai ta yi tsarin haibrid ya ga wata matsala, kuma abubuwan da ke kunna ta sun fi a ƙirga. Sai an sa na'urar karanta lambobin matsala tukuna, ko manhajar Techstream ta Toyota, ko ƙaramin abin nan na OBD2 da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari a haɗa da waya ta manhaja irin Dr. Prius. Sikana mai araha wadda inji kawai take gani sau da yawa ba ta shiga kwamfutar haibrid, sai ta ce maka babu komai alhali akwai.

Lambar P0A80 ita ce ke nuni da batirin kansa. Kwamfuta tana auna modul ɗin bibbiyu ne, rukuni 14 kenan, kuma lambobi P3011 zuwa P3024 suna faɗa maka takamaimai wane rukuni ne ya yi rauni. In sel ɗaya ya mutu a cikin modul za ka ga rukunin ya gaza sauran da kusan bolt 1.2, musamman lokacin da motar ke jan wuta. Amma ko a nan ma a bi a hankali, don akwai 'yan ƙarafunan tagulla da ke haɗa modul da modul, suna yin tsatsa kore-kore, haka siraran wayoyin da ke kai awo zuwa kwamfutar batir, tsatsar kaɗai tana iya sa awon ya fito ba daidai ba, a wanke su ko a canza su magana ta ƙare.

In kuwa modul ne ya mutu da gaske, hanya uku ce. Ko a sa sabon batir dungurungum, wanda shi ne mafi tsada kuma mafi kwanciyar hankali. Ko a sayi na hannu da aka ciro daga wata motar, wanda sa'a ce kawai tunda ba ka san shekarun da ya yi yana aiki ba. Ko a canza modul ɗin da ya mutu kaɗai, wanda shi aka fi yi saboda sauƙi, amma gaskiya faci ne, don sauran 27 ɗin sa'o'in wanda ya mutu ne, tare suka tsufa, bayan 'yan watanni wani zai bi sahu. In dole sai an yi hakan to a nemo modul mai ƙarfi daidai da na sauran, a daidaita cajinsu kafin a haɗa, ba a ɗauko kowanne a cusa ba. Garantin da Toyota ta ba irin waɗannan motocin a Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000, a jihohi irin Kalifoniya shekara 10 ko mil 150,000, kaga kenan duk Prius ta 2015 zuwa baya ta riga ta fita daga ciki.

Ƙaramin batir, mai laifin da ba a zargi

Bayan babban akwai batir na bolt 12 kamar na kowace mota, a zubi na biyu da na uku yana cikin but ta gefen dama, a na huɗu aka dawo da shi gaba. Ba ya tada inji, aikinsa ya farkar da kwamfutoci ya kuma rufe rilen da ke buɗe wa babban batir hanya. Da yake babu kik balle ka ji yana jan ƙafa da safe, sai ya mutu a hankali ba wanda ya lura, kuma in ya yi rauni sai motar ta haukace, fitilun dashbod su kama barkatai, lambobin ƙarya su cika kwamfuta, kalmar READY, wadda ke nuna mota ta kunnu ta shirya tafiya, ta ƙi fitowa. Mutum nawa aka sayar wa babban batir alhali wannan ɗan ƙaramin ne. Shi ake fara aunawa kafin komai, lafiyayye in mota a kashe take yana nuna wajen bolt 12.5, in ta shiga READY ya haura wajen 14. Akwai wurin jona masa wuta a akwatin fis ƙarƙashin bonet, amma a kula ƙwarai da jan waya da baƙa, in aka juya su ana iya ƙona babban fis har ɓarnar ta kai inbata. Haka kuma ba a amfani da Prius wajen tada wata motar.

Inbata, esi da zubar wuta

Inbata tana da nata ruwan sanyaya daban da na inji, da nata ƙaramin famfo mai lantarki. A zubi na biyu wannan famfon ya yi ƙaurin suna har Toyota ta yi kiranye a kansa a 2012, wato ta kira motocin a dawo da su don gyara, lambar matsalarsa P0A93. Gwajinsa ba wuya, ka kunna mota ka leƙa cikin tankin ruwan inbata, in ruwan na motsi famfo na aiki, in ya kwanta luf to ya tsaya. Ruwan hoda na Toyota ake zubawa, ba ruwan rijiya ko na leda ba. A zubi na uku kuma matsalar zafin taransistocin inbata ce ta sa a Fabrairun 2014 aka yi kiranyen Prius kusan miliyan 1.9 a duniya don sabunta manhajarsu, kuma da lambar shasi ana iya bincika ko an yi wa mota wannan gyaran.

Sai lambar P0AA6, wadda ke nufin babbar wuta tana zuba jikin mota. Tana iya fitowa daga ruwan batir da ya tsatso daga wani modul, ko wayar da ta goge, ko cikin akwatin giya, amma akwai wani dalili da masu gyaran esi ke jawowa da hannunsu. Kwamfuresar esi ta Prius daga 2004 da babbar wuta take aiki ba da bel ba, kuma wayoyin injinta a cikin mai suke, don haka man da ake sa mata na musamman ne, ND-11, wanda ba ya wuce da wuta. In mai gyara ya zuba man esi na sauran motoci, ko ma ya yi amfani da tiyon da ya saba ɗura musu gas, zai iya gurɓata tsarin gaba ɗaya, kuma wanke shi aiki ne ja. Ruwan sama ma yana shiga but ta tsagar rufi ko gefen fitilun baya a tsofaffin, ya taru a ramin ƙaramin batir.

Honda kuwa tsarinta na da, wanda ke cikin tsofaffin motocinta, daban ne, sunansa IMA, injin lantarkinsa ɗaya ne maƙale da injin fetur kuma tana da kik na ko-ta-kwana, don haka ba duk abin da aka faɗa a nan ne ya hau kanta ba.

Hatsari ga mai gyara

Duk wayar da aka yi wa ruwan lemo babbar wuta ce, tana kisa. Kafin a taɓa ta ana kashe mota, a nisantar da makulli, a cire baƙar wayar ƙaramin batir, a sa safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, a zare fulogin tsaro mai ruwan lemo da ke jikin batir a sa shi a aljihu kada wani ya mayar, sannan a jira minti 10 kafasitocin inbata su sauke wutarsu, a auna da mita a tabbatar. Ko bayan zare fulogin, cikin batirin da sauran wuta mai yawa, raba shi biyu kawai aka yi. Wajen mayarwa kuma akwai matakin ƙarshe na kulle hannun fulogin, wanda in aka manta motar ba za ta tashi ba sai ta ba da P0A0D, rewaya da yawa sun sha wahala a kan wannan ɗan abin. Wani hatsarin shi ne shirunta, mota tana READY inji a kashe, bakanike ya ɗauka a mace take ya kwance notin baƙin mai, can sai inji ya tashi da kansa.

Wasu halayen direba ma suna da tasiri. A giyar N batir ba ya caji, don haka a cunkoso ko wajen jira P ake sawa. Ba a jan ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa, saboda MG2 zai dinga samar da wuta babu mai sarrafa ta, ɗora ta ake yi a kan babbar mota. Tun bayan cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 masu neman irin wannan motar sun ƙaru, wasu kuma suna tuƙa ta har fetur ya ƙare suna lallaɓawa da batir, alhali da babban batirin ake tada inji, in ya zube ƙasa sosai ko ka zuba mai ba za ta tashi ba sai an nemo caja ta musamman. Haka motar da za a ajiye wata da watanni, NiMH yana zubar da caji da kansa ko ba a taɓa shi ba, gara a samu mai kunna ta duk sati biyu ko uku ya bar ta a READY kamar rabin awa a fili mai iska.