Waiwaye: Yadda Marcus Stephen na Nauru Ya Fara Olamfik da Tutar Aro

Duk sanda ɗan wasan ƙaramar ƙasa ya tuɓe rigar gida ya saka ta babbar ƙasa, sai muhawara ta kaure. Wasu su ce kwaɗayi ne, wasu su ce gida ne ya kasa riƙe ɗansa. A tsibiran tekun Pasifik, maganar ta fi zafi a wasan ɗaga nauyi. Charisma Amoe-Tarrant ta ciyo wa Nauru azurfa a gasar ƙasashe renon Ingila ta 2018, amma tagullar da ta samu a Birmingham a 2022 ta Ostireliya ce. Eileen Cikamatana ma haka: zinare ga Fiji a 2018, zinare ga Ostireliya a 2022. A Olamfik ta Paris a 2024 kuwa, Nauru, wadda aka san ta da ɗaga ƙarfe, ɗan tsere ɗaya tak ta tura.

Masu ɗora laifin kan 'yan wasan yanzu sun manta da yadda labarin ya faro.

Nauru tsibiri ne mai faɗin murabba'in kilomita 21, mutanenta ba su wuce dubu goma sha 'yan kai ba. Ta sami 'yanci a 1968, ta yi arziki da ma'adinin fosfat da ake yin takin zamani da shi. Ɗanta Marcus Stephen, wanda aka haifa a 1969, ya ci zinare a gasar renon Ingila ta Auckland a 1990, ya ƙara uku a 1994, uku a 1998, sannan azurfa uku a Manchester a 2002. A 2007 ya zama shugaban ƙasa, ya riƙe mulki har 2011. Wannan ɓangaren an sha faɗarsa.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne shekarar 1992. A lokacin Stephen yana da zinaren Auckland a hannu, yana kan ganiyarsa, ga Olamfik ta Barcelona ta ƙarato. Amma ƙa'ida ita ce ba a shiga gasar sai ta hannun kwamitin Olamfik na ƙasa wanda aka amince da shi, Nauru kuwa ba ta da wannan amincewar. Ƙasa ce mai cin gashin kanta shekara 24, tana da tuta, tana da kuɗi a lokacin, tana da gwani, amma ba ta da ƙofar shigar da shi. Sai ya nemi takardar zama ɗan ƙasar Samoa, wadda ake kira Samoa ta Yamma a wancan zamani, aka ba shi. Ya shafa farin alli a tafin hannu, ya kama sandar ƙarfe a ajin kilo 60, allon filin yana nuna sunan wata ƙasa da ke nesa da inda aka binne cibiyarsa.

Babu mai hankalin da zai kira wannan cin amana. Mutumin da daga baya ya shugabanci ƙasar ne ya fara aron tuta, don in bai ara ba, shekarun ƙarfinsa za su wuce yana jira. Mai ɗaga nauyi ba shi da dogon zamani. Gwiwa da kafaɗa ba sa jiran a kammala cike takardu. Kuma zuwan nasa Barcelona ya fito da giɓin fili, har a 1994 aka amince da kwamitin Olamfik na Nauru. A Atlanta a 1996 ƙasar ta shiga da sunanta karo na farko, da 'yan wasa uku, dukkansu masu ɗaga ƙarfe, Stephen a cikinsu.

A ganina, nan ne asalin matsalar yake: baiwa tana tsibirin, amma abin da ke rainon baiwar yana wani wuri. Shi kansa Stephen a Ostireliya ya yi karatu, can ya ƙware. Da aka kawo horon gida, bayan mai horarwa Paul Coffa ya tare a Nauru cikin shekarun 1990, an ga amfaninsa. Stephen ya ci azurfa a gasar duniya ta Atina a 1999, a ɗagawar da ake kai ƙarfe kafaɗa kafin a cilla shi sama, Reanna Solomon kuma ta ciyo zinare biyu a Manchester a 2002.

Sai fosfat ya ja baya, asusun ƙasa ya bushe, babbar cibiyar horon yankin ta zauna a Fiji, sannan Samoa, sannan New Caledonia. Wani sauyin ma ya rage yawan lambobin: daga 1990 zuwa 2002 gasar renon Ingila tana ba da lamba uku a kowane aji, ɗaya ga kowace ɗagawa, ɗaya ga jimilla. Daga 2006 jimilla kaɗai ake lissafawa. Don haka auna yaran yanzu da zinare bakwai na Stephen ba adalci ba ne.

Ƙofar Olamfik ita ma ƙara ƙuntata take yi. Masu ɗaga nauyi 260 aka ware wa gurbi a Rio a 2016, aka rage zuwa 196 a Tokyo, sannan 120 a Paris. Mai neman gurbin Paris dole ne ya halarci gasar duniya a Riyadh a 2023 da ta Phuket a ƙasar Thailand a 2024, ban da wasu gasanni uku. Kowace tafiya daga Nauru sai an sauya jirgi a hanya, ga kuɗin masauki, ga na mai horarwa, duk a wuyan ƙasar da ba ta kai wata unguwa a Kano yawan jama'a ba.