Yadda tagwayen taurari ke zama baƙaƙen ramuka da taurarin nutiron masu haɗewa

Tagwayen taurari su ne taurari biyu da ƙarfin jan nauyi ya ɗaure su suna kewaya juna. Ba baƙon abu ba ne a sama, ko Shi'ira wanda anka ambata cikin Suratun Najmi, wanda mutanen Sakkwato ka gani tar da dare lokacin hunturu in hazo ya lafa, shina da ƙaramin aboki da suke zagaya juna kusan duk shekara 50. Amma waɗanda ka ƙarewa da haɗewar baƙin rami ko tauraron nutiron manya ne ƙwarai, kowane sai ya kai aƙalla ninki 8 na nauyin rana, kuma wani bincike na 2012 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na mafi girman taurari sai sun yi musayar jiki da abokin zamansu kafin su mutu.

Babban tauraro bai da tsawon rai, shekara miliyan kaɗan ya ƙone makamashinshi, sai cikinshi ya rubza. In nauyinshi matsakaici ne sai ya fashe, fashewar da ake kira sufanoba, ya bar tauraron nutiron, dunƙule mai nauyin rana ɗaya da kusan rabi amma faɗinshi wajen kilomita 20 kawai, bai ma kai tsakanin Sakkwato da Bodinga ba. In kau ya zarce ninki 20 ko 25 na rana galibi baƙin rami yake zama, wurin da ko haske ya shiga ba ya hita.

To ga inda matsalar take, kuma a ganina nan ne maganar ta fi daɗi. Gawawwakin taurarin nan biyu, wato baƙin rami ko tauraron nutiron, ba su haɗewa sai sun rasa ƙarfin kewayarsu ta hanyar igiyoyin nauyi, wato girgizar da abubuwa masu nauyi ka tayarwa cikin sararin samaniya in suna zagaya juna, waɗanda Einstein ya yi hasashensu a 1916, kuma igiyoyin nan ba su da wani tasiri sai in abubuwan na kusa da juna sosai, in tazarar ta ninka biyu lokacin haɗewa ninkawa yakai sau 16. Amma kuma tauraro in ya tsufa kumbura yakai har faɗinshi ya kai ɗaruruwan faɗin rana, ke nan da tun farko kusa suke da sun haɗiye juna tun suna raye. Dole a haife su nesa, su mutu kusa.

Abin da masana sunka fi aminta da shi ga shi. Wanda ya fi nauyi shi ka fara kumbura, iskar gas ɗin jikinshi ta riƙa kwarara zuwa ga abokinshi, ya mutu ya zama baƙin rami ko tauraron nutiron. Can daga baya na biyun ma ya kumbura, wani lokaci kwararar ta fi ƙarfin gawar, sai gas ɗin ya lulluɓe su duka biyun cikin mayafi guda, ra'ayin da Bohdan Paczyński ɗan ƙasar Folan ya bayyana a 1976. Gawar tana ratsa gas ɗin yana riƙe ta, tana ta nutsewa zuwa tsakiya, ƙarfin da take rasawa yana zafafa mayafin, in ya isa ya watsar da shi sai a bar cibiyoyi biyu dab da juna, in bai isa ba su narke su zama abu guda, shi ke nan zance ya ƙare. Wanga mataki gajere ne ƙwarai in an gwada da rayuwar tauraro, shi ya sa yake da wuyar gani, kuma lissafinshi har yau yana ba manyan kwamfutoci wahala.

Ko an tsira daga nan akwai fashewa ta biyu, wadda ka iya harba sabon tauraron nutiron da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa, tagwaye da yawa nan suke rabuwa. Taurarin da anka haifa da ƙarancin ƙarfe da sauran sinadarai masu nauyi ba su zubar da jiki da yawa, su ka barin manyan ramuka. Akwai kuma wata hanya daban, cikin cunkoson taurari inda ramukan da ba tare anka haife su ba suke gamuwa su kama juna.

Shaidar farko ta irin waɗannan tagwaye masu matsowa juna ta zo a 1974, da Russell Hulse da Joseph Taylor sunka gano taurarin nutiron biyu da na'urar hangen sama ta rediyo ta Arecibo, suna zagaya juna cikin awa 7 da minti 45, tazararsu na raguwa daidai yadda lissafin Einstein ya ce, za su haɗe nan da shekara wajen miliyan 300, aka ba su kyautar Nobel a 1993. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO biyu masu gano igiyoyin nauyi a Amurka, masu hannuwa kilomita 4, sunka kama girgizar baƙaƙen ramuka biyu masu nauyin rana wajen 36 da 29 da sunka haɗe sunka zama guda mai 62, ragowar ukun ta tafi a igiyoyi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, abin ya faru fiye da shekara biliyan ɗaya da ta wuce.

Sai 17 ga Agusta 2017, LIGO da Virgo ta Italiya sunka ji haɗewar taurarin nutiron biyu a tarin taurari NGC 4993, nisan tafiyar haske ta shekara wajen miliyan 130, bayan daƙiƙa 1.7 tauraron ɗan'adam Fermi ya ga walƙiyar gamma, wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, kuma hasken da anka bi kwana da kwanaki ya nuna ana ƙera sinadarai masu nauyi cikin tarkacen, abin da ya ƙarfafa cewa wani kaso na zinaren da mata ka sawa a wuya daga irin wagga haɗewa ya hito. A Janairun 2020 kuma anka kama baƙin rami yana haɗiye tauraron nutiron har sau biyu, kwana 10 tsakani.