Tuddan rairayin Amurka: zaɓen wurin tuƙi da kwanan tanti a lokacin bazara

Tuƙi a kan tuddan rairayi wasan shaƙatawa ne da ya yi ƙarfi a Amurka, musamman a jihohin yamma. Masu yin sa suna hawa tuddan da babura masu taya huɗu, da ƙananan motoci marasa ƙofa da aka ƙera don yashi, da jif masu jan taya huɗu, sannan su kwana a wurin cikin tanti ko tirelar kwana. Yawancin filayen na gwamnati ne. Wasu suna hannun hukumar kula da filayen tarayya da ake kira BLM, wasu a hannun Hukumar Gandun Daji ta Amurka, wasu kuma gandun shaƙatawa ne na jihohi.

Bazarar Amurka tana kamawa daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da makarantu ke hutu kuma iyalai ke samun sararin tafiya. Sai dai filayen da suka fi suna da girma ba su hawuwa a waɗannan watanni saboda zafi. Don haka mai neman wurin zuwa da bazara ba ya fara duba tsayin tuddai, yakan fara da tambayar ko wurin yana bakin ruwa, ko yana kan tudun ƙasa, ko kuma yana can arewa.

Abin da zafi ke yi wa rairayi da inji

Rairayi ya fi iskar da ke kansa zafi nesa ba kusa ba. A gandun Great Sand Dunes na jihar Kolorado, inda tuddai mafi tsayi a Arewacin Amurka suke (kimanin mita 230), zafin saman yashi kan kai digiri 65 a ma'aunin Selsiyos da tsakar ranar bazara, alhali iskar wurin ba ta da zafi sosai. Ba a yarda mota ta hau tuddan wannan gandu ba, kuma haka abin yake a filaye da dama: kasancewar rairayi a wuri bai nuna an buɗe shi ga masu tuƙi ba.

Yashin da rana ta gasa yakan bushe ya yi laushi, taya ta riƙa nutsewa, inji ya riƙa aiki fiye da kima alhali motar ba ta gudun da iska za ta sanyaya lagireto. A ƙananan motocin yashi abin da ya fi saurin lalacewa shi ne bel ɗin giya, wanda zafi ke cinyewa har ya tsinke, shi ya sa direbobi ke tafiya da na ajiya. Da sassafe kuwa, ko bayan yayyafi, yashin yana da ɗan danshi kuma ya fi riƙe taya.

Tsakar rana tana da wani haɗarin. Kowane tudu yana da fuska biyu: wadda iska ke bugawa, mai sauƙin hawa, da ta baya, gangare mai kaifi da ke karkata kusan digiri 30 zuwa 34. Inuwa ce ke nuna wa direba inda tudu ya yanke. Idan rana ta take tsaka, inuwar sai ta ɓace, fili ya zama fari fat, mutum ya taho da gudu bai ankara ba sai ya ji gaban motarsa a iska. Haka ƙananan ramukan da iska ke haƙawa a bayan tuddai ba sa ganuwa a wannan lokaci. Saboda haka gogaggun direbobi ba sa tsallake kan tudu kai tsaye. Sukan hau a karkace, su leƙa bayansa, sannan su sauka.

Wuraren da ake bari sai hunturu

Filin da ya fi kowanne suna shi ne Imperial Sand Dunes a kudu maso gabashin Kalifoniya, dab da iyakar Meksiko, wanda mahaya ke kira Glamis. Tsawonsa ya kai kilomita 64, faɗinsa kusan 8, tuddansa kuma har mita 90. Izinin shiga na dole yana aiki daga 1 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu, kuma wannan ma ya isa ya nuna lokacin wurin. A hutun bikin godiya na Amurka (Thanksgiving) a ƙarshen Nuwamba jama'a kan haura dubu 100. A Yuli kuwa zafi yakan wuce digiri 43, babu inuwa, masu sayar da kaya sun tashi, jami'ai da masu agajin gaggawa sun ragu. Wanda motarsa ta mutu a tsakiyar tuddan a irin wannan rana, ransa ne a cikin haɗari.

Haka Dumont Dunes, shi ma a Kalifoniya, arewa da garin Baker kusa da kwarin hamadar Death Valley. Sand Mountain na jihar Nebada, tudu guda mai tsayin kusan mita 180 a gefen babbar hanya mai lamba 50 gabas da garin Fallon, shi ma an fi zuwa masa kafin bazara ko bayanta.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya san hamadar Tenere. Masu yawon buɗe ido da suka riƙa tashi daga Agadas a da sun fi zuwa ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kuma tseren motocin Paris zuwa Dakar da ya riƙa ratsa yankin a shekarun 1980 a watan Janairu ake yin sa.

Bakin tekun Pasifik

Idan ana maganar bazara, Oregon Dunes na jihar Oregon ne ke kan gaba. An ware shi a 1972, yana cikin gandun dajin Siuslaw, kuma ya miƙe kimanin kilomita 64 a gaɓar teku daga garin Florence zuwa Coos Bay. Wasu tuddansa sun kai mita 150 sama da teku. Ruwan tekun yankin mai sanyi ne saboda igiyar da ke gangarowa daga arewa da kuma ruwan ƙarƙashi da ke tasowa sama, don haka ko a Yuli zafin rana bai cika wuce digiri 20 ba. Baƙo daga hamada da ya zo da riga mai gajeren hannu yakan ƙare da neman rigar sanyi. Hazo kan rufe gaɓar da safe, da yamma kuma iskar arewa ta taso da ƙarfi tana watsa yashi a fuska da cikin abinci.

Ba duk tsawon filin ake tuƙi ba. Akwai manyan sassa uku: na kudancin Florence zuwa kogin Siltcoos, da na Winchester Bay inda tuddai suka fi tsayi, da na kudu tsakanin Spinreel da Horsfall. A Winchester Bay ake yin taron DuneFest kowace shekara a tsakiyar bazara, lokacin da samun wurin kwana ke wuya sai ga wanda ya kama tun da wuri.

Yanayin wurin ya bambanta da na hamada. Akwai tsibiran itatuwa a tsakiyar yashi, da tafkuna, da ƙananan hanyoyi masu kwana-kwana cikin kurmi inda ba a hango mai tahowa. Wani ɓangare na wannan ciyayi aikin mutum ne. A farkon ƙarni na 20 aka shuka wata ciyawar gaɓa da aka kawo daga Turai don hana yashi binne hanyoyi da gidaje. Ciyawar ta yi aikin har ta wuce gona da iri: ta gina doguwar ganuwar yashi a bakin teku wadda ta tare sabon rairayi, bayanta kuma daji ya fara cin fili. Buɗaɗɗen yashin yana raguwa shekara da shekaru, kuma a yau mahaya da masu kare muhalli, waɗanda ba kasafai suke shiri ba, sukan haɗu wajen tuge ciyawar. Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Satumba kuma ana killace wasu sassan gaɓa saboda wani ƙaramin tsuntsu da ke ƙwai a kan busasshen yashi, wato dai bazarar gaba ɗaya.

A tsakiyar gaɓar Kalifoniya akwai Oceano Dunes kusa da Pismo Beach, inda ake shiga da mota a kafa tanti a bakin ruwa. Yanayinsa mai sanyi ne, amma makomarsa ta daɗe ana jayayya a kai saboda ƙurar da ke damun mazauna yankin da kuma tsuntsayen gaɓa. A 2021 hukumar kula da gaɓar tekun jihar ta yanke shawarar kawo ƙarshen tuƙi a wurin, a 2023 kotu ta soke matakin. Mai niyyar zuwa sai ya duba jadawalin cikar teku, domin a kan jiƙaƙƙen yashin bakin ruwa ake bi, kuma ba mota ɗaya ruwa ya taɓa cimma ba.

Tudun ƙasa da arewa

Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Wannan ne ya sa St. Anthony Sand Dunes a gabashin Idaho, kusa da garin Rexburg, ya zama wurin bazara na gaske. Yana kan tudun kusan mita 1,500, faɗinsa kimanin hekta 4,300 na farin yashi, tuddansa har mita 120. Ƙananan tuddan suna gabas, inda masu koyo da yara ke wasa, manyan kuma suna yamma. Rana kan yi zafi daidai gwargwado, dare ya yi sanyi har sai an lulluɓa. Akwai zango a Egin Lakes, bakin wani tafki marar zurfi. Lokacin wurin kishiyar na Glamis ne: daga 1 ga Janairu ake rufe mafi yawansa har zuwa Afrilu, domin nan ne manyan namun dajin yankin ke fakewa da hunturu. Abin lura a nan shi ne yashin yana kwance ne a kan tsohon dutsen aman wuta, kuma a gefen tuddai baƙaƙen duwatsu kan leƙo su farke taya.

Tsayin ƙasa yana da nasa farashin. Injin da ba shi da tobo (na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji) yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, don haka motar da ke hawa tudu cikin sauƙi a bakin teku tana iya gazawa a Idaho.

Tsayi kaɗai ma ba ya isa. Little Sahara na jihar Yuta, fili mai hekta kusan 24,000 da wani tudu mai mita 210, shi ma yana kan tudun ƙasa, amma hamada ce buɗaɗɗiya da ke zafi sosai a Yuli, kuma cikarsa mafi girma a hutun Ista ne. Coral Pink Sand Dunes kusa da Kanab, a kudancin jihar, ya fi shi tsayi (kimanin mita 1,800) kuma yana da itatuwa a zangonsa. Yashinsa mai ja-ja ya samo asali ne daga zaizayar duwatsun yankin, iska ce ke matso shi ta wata tsaga tsakanin tsaunuka biyu ta zube shi a nan. Ƙaramin wuri ne, ana tuƙi da safe da yamma a huta da rana. Daga Yuli zuwa Satumba hadari kan taso da la'asar da tsawa, kuma saman tudu ba wurin tsayawa ba ne a lokacin walƙiya.

Ga mutanen gabashin ƙasar, Silver Lake a jihar Mishigan ne mafi kusa. Filin tuƙinsa hekta 180 ne kacal a bakin tafkin Mishigan, ana buɗe shi daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Oktoba. Saboda ƙanƙantarsa, a kan manyan tuddan hanya ɗaya ake bi, ba a dawowa ta inda aka hau, kuma ba a kwana a kan yashin sai a zangunan da ke kewaye.

Zango, dokoki da kayan tafiya

Kwana iri biyu ne. Akwai zango mai ruwa da banɗaki, wani har da lantarki, wanda ake kamawa ta intanet watanni kafin lokaci. Akwai kuma kwana a kan yashi, inda mutum ke zuwa da ruwansa ya tafi da shararsa. A Oregon ko wannan ma yana da wurare masu lamba da ake biya. Turakun tanti na yau da kullum ba sa kama rairayi, sai dogaye masu faɗi, ko a cika buhu da yashi a binne a ɗaure igiya a jikinsa. Ba a kafa tanti a gindin tudu ko a bayansa, domin mai saukowa da dare ba zai gan shi ba. Janareta kuma ana nesanta shi da wurin barci saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. A ƙarshen bazara hukumomi kan hana hura wuta idan daji ya bushe.

Kusan ko'ina doka ce a ɗaura doguwar sanda mai tuta ja ko mai launin ruwan lemo a bayan mota, tsayin mita biyu da rabi zuwa uku daga ƙasa, don a hango ta kafin a hango motar. Ana buƙatar rajistar jiha ko takardar izinin baƙo, da salansa mai tare tartsatsi, da hular kwano musamman ga yara. Oregon ta fi tsanani kan ƙara: an ƙayyade ƙarar inji a tuddan Oregon Dunes saboda gidajen da ke kusa, kuma a wasu sassa ba a tuƙi da tsakar dare.

Kafin shiga yashi ana rage iskar taya daga awo 30 zuwa 35 na kwalta zuwa 10 ko 15 a ma'aunin PSI, don tayar ta baje ta daina nutsewa. Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku sun san wannan dabara sarai. Idan mota ta kafe, ƙara wuta ba ya fitar da ita, haƙa kawai take ƙara yi har cikinta ya kwanta. Sai a tsaya, a ƙara rage iska, a kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa faranti ko katako, ko a sa wata motar ta ja da igiya. Dole kuma a tafi da famfon iska, domin tayar da aka sassauta ba ta jure gudu a kan kwalta mai zafi.