Alherin da Ba a Ramawa: Waiwaye kan Tsohuwar Muhawarar Ceto

Bahaushe ya san alheri, sai dai alherin da ya saba da shi yana da komowa. Shi ya sa ake cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma matar da ta kai gudummawa gidan biki ta san ran nata bikin za a rama mata. Da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, wannan kalma ce aka aza wa kaya mafi nauyi: kyautar Allah ga wanda bai cancanta ba, wanda ba shi da abin ramawa. Manzo Bulus ya ce a Romawa 5:8 Allah ya nuna ƙaunarsa da yake Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi. A Afisawa 2:8-9 ya ƙara da cewa ceto baiwa ce, ba ladan ayyuka ba ne, don kada kowa ya yi fahariya. Maganar a fili take, amma Ikilisiya ta shafe ƙarnoni tana gardama a kanta.

Babban rikicin farko a ƙasar Afirka aka yanke shi. Wani malami mai gudun duniya daga Birtaniya, Felajiyus, ya zauna a birnin Roma wajen shekara ta 400. Abin da ya gani ya ɓata masa rai: manyan gari sun karɓi baftisma, amma halinsu na nan yadda yake, in an yi magana su ce ai mutum rarrauna ne. Sai ya koyar da cewa Allah ba zai umarci ɗan Adam da abin da ya fi ƙarfinsa ba, don haka kowa na iya barin zunubi in ya ɗaura niyya. An ce ransa ya ɓaci ƙwarai da ya ji wata addu'ar Agustin, bishop na Hippo (garin Annaba na Aljeriya a yau), inda yake roƙon Allah ya ba shi ikon cika abin da ya umarta, sannan ya umarci duk abin da ya so.

Ni dai ina jin tausayin Felajiyus, domin damuwarsa gaskiya ce. Amma Agustin ya hango abin da ya kuɓuce masa. Shi kansa ya yi shekaru yana son barin zunubi yana kasawa, ya san ciwon a cikin niyyar yake. Wanda ya faɗa rijiya, yi masa bayanin yadda ake hawa ba zai fito da shi ba, sai an zura masa igiya. In mutum zai iya ceton kansa, in ji Agustin yana bin Bulus a Galatiyawa 2:21, to Almasihu ya mutu a banza ke nan.

Da aka ci Roma da yaƙi a 410, Felajiyus da almajirinsa Selestiyus suka tsallako Arewacin Afirka, gardamar ta biyo su. Wani taro a Falasɗinu ya wanke Felajiyus a 415, amma taron bishop-bishop na Kartaj (a Tunisiya ta yau) ya yi tir da koyarwarsa a 418, taron Afisa ya tabbatar a 431. A 529 taron Oranj, a kudancin Faransa ta yau, ya ƙara mataki guda: ko somawar bangaskiya a zuciya ma kyautar Allah ce. Taron ya kuma ƙi yarda da cewa Allah ya ƙaddara wa wani aikata mugunta.

Aka rubuta a takarda, amma zuciyar mutum ta fi son ciniki. Kusan shekara dubu bayan haka, a Jamus, wani mai wa'azi Yohanna Tetzel yana yawo da takardun sassaucin horon zunubi, ana biya da kuɗi, wani kaso na tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma. Wannan ne ya sa Martin Luta, wani malamin coci Bajamushe, ya rubuta batutuwansa 95 na sukar wannan ciniki a 1517. Luta ya daɗe yana azabtar da kansa da azumi da furta zunubi bai sami salama ba, sai da Romawa 1:17 ta buɗe masa ido: adalcin da Allah yake nema, shi ne yake bayarwa ta wurin bangaskiya. Cocin Katolika ta amsa a taron Tirent a 1547. Ta yarda alheri ne yake farawa, amma ta nace cewa mutum yana ba da haɗin kai, kuma alherin yana sāke shi daga ciki. Kowane ɓangare ya la'anci koyarwar ɗayan, aka zauna a haka fiye da shekara 400.

Ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Tarayyar Luteran ta Duniya (mabiya koyarwar Luta) suka sa hannu a kan sanarwa guda: ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don wata cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu ya ba mu Ruhu Mai Tsarki, wanda yake sabunta zuciya ya kira mu ga ayyuka nagari. Methodist suka shiga a 2006, cocin Reformed a 2017. A 2017 ɗin ce kuma aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na cocin Luteran ta LCCN a Najeriya, mai hedkwata a Numan, shugaban Tarayyar Luteran ta Duniya.

Abin da ke damuna shi ne, manya sun sasanta a Augsburg, amma cinikin bai bar bagade ba. Har yau akwai inda ake ce wa gwauruwa ta "shuka iri" da kuɗin abincin 'ya'yanta kafin Allah ya dube ta. Akwai kuma masu ɗaukar alheri lasisin yin abin da suka ga dama, irin mutanen da suka fusata Felajiyus, alhali Bulus ya riga ya yi tambayar a Romawa 6, ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya amsa da kansa cewa sam.