Tsofaffin jitar lap steel: wacce ke da wane sauti?

Tambayoyin nan su ne dai ake ta maimaita mini. Ga amsoshinsu wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake turo wata.

Mece ce ma lap steel ɗin?

Jita ce da ake kwantarwa a cinya. Ba a danna tsirkiyarta da yatsa, guntun ƙarfe mai santsi ake zamewa a kai da hannun hagu, dama na kaɗawa. Daga tsibirin Hawai salon ya fito a ƙarshen ƙarni na 19, ana danganta shi da Joseph Kekuku.

Ita ce ake ji a kiɗan juju na Sunny Ade?

A'a. Wadda Demola Adepoju ya kaɗa masa pedal steel ce, mai ƙafafu da abin takawa. Danginsu ɗaya, amma ba ita muke magana ba.

Wacce ta fi kowacce daɗin sauti?

Babu. Faɗa mini kiɗan da kake son yi tukuna.

To me ya sa ake ta kambama ta kamfanin Rickenbacker?

Saboda maɗaukin sautinta, wato na'urar da ke ɗauko motsin tsirkiya ta mayar da shi lantarki zuwa amfilifaya. George Beauchamp ya ƙera shi da maganadisu biyu masu lanƙwasa waɗanda suka rungume tsirkiyoyin ta sama da ƙasa, shi ya sa yake ɗauko sauti mai ƙarfi da cika. Ta farko, wadda ake wa laƙabi da Frying Pan, ta shiga kasuwa a 1932. Jikinta zubin alminiyam ne, sautinta garau kamar ƙararrawa, sai dai da zafi ya taɓa ta ƙarfen zai buɗe, saitin tsirkiya ya goce. A 1935 suka fito da Model B ta Bakelite, wata irin roba mai tauri da nauyi. Kaɗa tsirkiya ɗaya a kanta ka ɗaga hannu, sautin zai daɗe bai mutu ba, mai kauri a tsakiya, ga wani ɗan kuka da yake yi idan ka ja ƙarfen a hankali. Irinta makaɗin nan Jerry Byrd ya yi suna da ita. Ni a wurina har yau ba a yi kamarta ba wajen kiɗan Hawai. Amma kada ka bari ta faɗi ƙasa, Bakelite fashewa take yi.

Na kamfanonin Fender da Gibson fa?

Fender kaifi gare ta. Maɗaukin sautin Champion ɗinsu ta 1949 ɗan'uwan na jitarsu ta lantarki Telecaster ne, ko cikin hayaniyar ganga za ka ji ta tsaf. Stringmaster ɗinsu ta 1953, mai wuya fiye da ɗaya da maɗauki biyu a kowane wuya, ta fi ta cikar sauti. Gibson EH-150 ta katako, ta 1936, taushi da ɗumi gare ta, ta dace da kiɗan jaz, amma tana yawan gunji idan tana kusa da wayar wuta.

Supro ai ta 'yan koyo ce, ko?

Wa ya gaya maka? Gaskiya ne kamfanin Valco na Chicago ya yi su da araha, da sunan Supro da National da Oahu, an lulluɓe katakon da roba mai ƙyalli. Amma maɗaukinsu, wanda tsirkiyoyi ke ratsa cikinsa, yana da gurnani mai kaushi da masu kiɗan blues da rok ke nema ruwa a jallo. Irinsa makaɗi Ry Cooder ya ɗora wa jitarsa ta Fender Stratocaster, makaɗi David Lindley ma ya kaɗa Supro. Kada farashi ya sa ka raina ta.

Na saurare su a YouTube, na ji Fender ta fi.

Ba ka ji komai ba, malam. Wannan makaɗin ya saita tsirkiyoyinsa a salon da ake kira C6, wancan a na E, tsirkiyoyinsu ba kauri ɗaya ba, amfilifaya daban, hannu daban, kai kuma kana saurare da lasifikar waya. In gwaji kake so na gaskiya, sai mutum ɗaya, ƙarfe ɗaya, amfilifaya ɗaya, sabbin tsirkiyoyi iri ɗaya. Ko a jita guda ma, kaɗa kusa da maɗauki, sannan ka matsa tsakiya, za ka rantse an canza maka ita.

Tawa Rickenbacker ta bayan yaƙi ce. An cuce ni?

Kwantar da hankalinka. Na kafin yaƙin duniya na biyu faɗin maganadisunsu inci 1.5 ne, na bayansa 1.25. Akwai bambanci, amma bai kai yadda masu sayarwa ke zuzutawa ba. Kaɗa abarka.

Sautin tawa ya raunana, ya dushe. In kai a sake naɗa maɗaukin?

Dakata. Wataƙila ƙarshenta sai an naɗa, amma shi ne abu na ƙarshe, don ba a dawo da shi. Wayar jan ƙarfen da ke ciki siririya ce kamar gashi, ita ce rabin sautin da ka biya kuɗi dominsa, kuma da an warware ta darajar jitar ta faɗi.

Fara da tsirkiya. Tsohuwa mai tsatsa tana kashe sauti, kuma tsirkiyar bironz ta jitar da ba ta lantarki ba maganadisu ba ya jin ta sosai, sa ta nikel. Sai maɓallan murɗawa. In kana jin ƙarar-ƙarar idan ka murɗa, datti ne, a fesa musu maganin wanke kayan lantarki. Duba kuma tazarar da ke tsakanin tsirkiya da maɗauki, wani lokaci ɗan matso da shi kaɗai ya isa.

In duk wannan bai yi ba, ɗauko mita ka auna wayar maɗaukin, zai fi kyau a cire ta daga maɓallan tukuna. Idan mita ta nuna wasu dubban om (ma'aunin turjiyar waya), galibi wayar lafiya take, sai a zargi maganadisu. Na Rickenbacker ƙarfe ne da ke rasa ƙarfinsa da tsufa, kuma ana iya sake caja shi ba tare da an taɓa wayar ba. A Supro kuwa, buɗe ka leƙa: a wasu, maganadisu ɗaya ne na gaske, na ɗaya gefen guntun katako ne aka shafa wa fenti. Haka aka yi su tun daga masana'anta, akwai masu ƙara na biyun, akwai masu barin ta yadda take.

Idan mita ba ta nuna komai ba, wayar ta tsinke, ko da kuwa jitar na fitar da ɗan siririn sauti. Nan ma kada ka yi gaggawa. Sau da yawa a bakin dalma ta tsinke, ko a zagayen waje, mai haƙuri zai iya kamo bakin ya liƙe. Sai in a can ciki ne za a naɗa. To a lokacin nemi wanda ya san tsofaffin maɗaukai, ya sa waya mai kaurin ta asali. Kada ka kai wa mai naɗa injin fanka, komai ƙwarewarsa.

Ta zo da tsohuwar amfilifayarta daga Amurka. In jona?

Kul! Tasu wutar volt 110 zuwa 120 ce, tamu 230. Sai da taransifoma mai rage wuta, kuma sai mai gyara ya duba cikinta ya sa mata wayar ƙasa, don da yawansu ba su da ita, suna iya jan mutum ta tsirkiya.